Louis Pasteur (1822–1895) da Jayayyar Abincin Yis

Tsakure

An fi sanin Louis Pasteur da rigakafin ciwon haukan kare da kuma hanyar ɗumama madara wadda ake kira da sunansa. Wannan maƙala ta bi tarihin rayuwarsa ta wata kafa dabam, wato jayayyar da ya yi da Justus von Liebig a kan ko yis yana cin naitirojin ne ko kuwa yana zubar da shi. An nuna yadda gwaji ɗaya da ya bayyana a 1860 ya tabbatar da cewa yis halitta ce mai rai mai neman abinci, da yadda wani giɓi da ke cikin gwajin ya hana abokin jayayyarsa maimaita shi, da kuma inda tambayar ta kai masu bincike bayan mutuwarsa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan ce ƙullu ya tashi, nono ya yi tsami, nama ya ruɓe. Na farko da na biyu abin so ne ga mai waina da mai fura, na uku kuwa asara ce. Harshe ya raba su, amma manyan masana kimiyyar sinadarai na Turai a farkon ƙarni na 19 sun ɗauke su abu guda, wato lalacewar wani abu da ya riga ya mutu. A wannan maƙala za a yi amfani da kalmar tsimuwa don nufin juyewar sukari zuwa barasa da iskar kabon, ko zuwa asid mai tsami, kamar yadda yake faruwa a ƙullu da kunun zaƙi da burkutu. Yis kuwa shi ne wannan garin da masu burodi ke sayowa a leda. Kowane ɗan ɓurɓushinsa tarin ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, dangin naman kaza. Mai karatu na yau ba zai ga abin gardama a wannan ba. Kafin a yarda da shi kuwa, sai da aka shafe shekara fiye da talatin ana kai ruwa rana.

2.0 Ɗan Majemi

An haifi Louis Pasteur ranar 27 ga Disamba, 1822 a garin Dole da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa, Jean-Joseph, majemi ne, kuma tsohon soja ne a rundunar Napoleon wanda ya dawo daga yaƙi da lambar girma, ya koma kan fatunsa. A 1827 iyalin suka zauna a Arbois, ƙaramin gari mai gonakin inabi, a wani gida da ke bakin rafi, ramukan jima na tsakar gidan. Duk wanda ya taɓa wucewa ta majema a Kano ya san irin warin da yaron ya tashi a ciki, ya kuma san cewa jima sana'a ce ta sarrafa ruɓa: a bar fata ta ruɓe daidai gwargwadon da gashi zai saki, a tsayar da ita kafin ta lalace. Bai kamata a matsa wannan kamance da yawa ba, domin babu shaidar cewa daga nan tunaninsa ya faro. Abin da aka tabbatar shi ne, bai taɓa rabuwa da gidan ba, kuma can yake komawa hutu har tsufansa.

A makaranta ba a ga wata alamar fice a tare da shi ba, in ban da zane. Hotunan iyayensa da na maƙwabta da ya zana da alli mai launi suna nan har yau. Ya yi karatu a Besançon, kuma a jarrabawar kimiyya da ya ci a 1842 an ba shi matsakaicin maki a fannin sinadarai. A shekarar ya sami gurbi a babbar makarantar horar da malamai ta Paris, École Normale, amma da ya ga sunansa ya zo can ƙasa a jerin waɗanda aka ɗauka, sai ya ƙi shiga, ya sake shekara guda yana shiri. A 1843 ya zo na huɗu. Wannan taurin kai da ƙin a gan shi a baya sun bi shi har kabari, sun amfane shi, sun kuma jawo masa abokan gaba da yawa.

Ya sami digirin dakta a 1847. Shekara guda bayan haka ya yi binciken da ya fara fito da sunansa. Akwai wani asid da ake samu a ɓawon da ke manne a cikin gangar ruwan inabi, ana ce masa tatarik. Idan aka narkar da shi aka ratsa shi da tataccen haske, yakan karkatar da hasken zuwa dama. Akwai kuma wani takwaransa, sinadaransu ɗaya, amma shi ba ya karkatar da haske ko kaɗan. Pasteur ya daskarar da gishirin wannan na biyun, ya duba ƙwayoyinsa a madubin likita, sai ya ga iri biyu ne a cakuɗe, ɗaya yana kallon ɗaya kamar hannun dama da na hagu. Ya zauna da ɗan hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kashi ɗaya ya karkatar da haske dama, ɗayan hagu. Tsohon masani Jean-Baptiste Biot bai yarda ba sai da aka maimaita aikin a gabansa da kayan da ya tanada da kansa. Daga wannan aiki Pasteur ya ɗauki wani ra'ayi da ya riƙe tsawon rayuwarsa: sinadarin da ke da dama ko hagu, sawun mai rai ne.

A 1849 aka tura shi koyarwa a Jami'ar Strasbourg, inda ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar, a ƙarshen watan Mayu na shekarar. Ita ce ta riƙa rubuta masa abin da yake shiftawa, musamman bayan da jikinsa ya raunana. Sun haifi 'ya'ya biyar, biyu kawai suka girma.

3.0 Lille da Gangunan da Suka Yi Tsami

A 1854 aka naɗa shi shugaban sabuwar tsangayar kimiyya a Lille, garin masana'antu a arewacin Faransa. Ɗaya daga cikin manyan sana'o'in yankin ita ce tatsar barasa daga ruwan wata saiwa mai zaƙi da Turawa ke nomawa don yin sukari. A 1856 wani mai irin wannan masana'anta, Bigo, wanda ɗansa ɗalibin Pasteur ne, ya kawo kuka cewa wasu gangunansa suna yin tsami maimakon su ba da barasa. Pasteur ya riƙa zuwa yana ɗibar ruwan yana dubawa. A gangar da ta yi kyau yakan ga ƙwayoyin yis masu ƙumbo-ƙumbo suna tohowa daga jikin juna. A wadda ta ɓaci kuwa sai ya ga wasu 'yan sanduna da suka fi yis ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ya kuma lura cewa cikin abubuwan da tsimuwa ke haifarwa akwai wata barasa mai karkatar da haske, abin da a wurinsa yake nuna hannun mai rai. A 1857 ya gabatar da takardarsa a kan tsamin nono, inda ya ce kowace irin tsimuwa tana da halittarta.

Ba shi ne ya fara faɗin haka game da yis ba. Tun wajen 1837 mutum uku, Cagniard-Latour a Faransa da Schwann da Kützing a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, sun ga yis yana hayayyafa, sun ce mai rai ne. Abin da ya same su shi ne ba'a. A 1839 mujallar da Liebig yake jagoranta ta buga wani rubutu na zolaya, ba suna, wanda aka san daga Wöhler da Liebig ya fito. A ciki an siffanta yis da wasu 'yan dabbobi masu siffar tukunyar tatsar barasa, suna haɗiye sukari, suna kasayar da barasa, suna fitsarar da iskar kabon. An yi dariya, maganar kuma ta kwanta kusan shekara ashirin.

Ya kamata a yi wa Liebig adalci. An haife shi a 1803, kuma a zamaninsa babu masanin sinadarai da ya kai shi faɗa a ji. Yaƙin da ya sa a gaba shi ne ya kori batun wani ɓoyayyen ƙarfin rai daga kimiyya, ya nuna cewa abin da ke faruwa a jikin tsiro da dabba yana bin dokokin da ake iya aunawa a kan sikeli. Don haka da aka ce masa wata halitta ce ke yin barasa, sai ya ji kamar ana so a maido da abin da ya kora ta bayan gida. Bayaninsa shi ne: yis wani abu ne mai naitirojin, dangin farin ƙwai, wanda yake ruɓewa idan iska ta taɓa shi. Yayin da yake wargajewa, girgizarsa takan kama sukarin da ke kusa, shi ma ya wargaje ya zama barasa da iska. Ke nan a wannan fahimta, yis ba ya ƙaruwa da tsimuwa, raguwa yake yi, kuma naitirojin ɗin jikinsa ya kamata ya fita ya zama ammoniya a cikin ruwan.

A nan ne maganar ta zama abin da za a iya gwadawa. Idan Liebig ne da gaskiya, ammoniya za ta ƙaru a cikin kwalba. Idan kuwa yis mai rai ne yana gina jiki, to naitirojin yake nema, ammoniyar da aka ba shi ma raguwa za ta yi.

4.0 Kwalbar 1860

A ƙarshen 1857 Pasteur ya koma École Normale a matsayin mai kula da karatun kimiyya da harkokin gudanarwa. Ba a ba shi ɗakin gwaji ba, sai ya gyara wasu ɗakuna biyu a can ƙarƙashin rufin ginin, da kuɗin aljihunsa. A nan ya yi aikin da ya fito a 1860 a cikin doguwar takardarsa a kan tsimuwar barasa. A tsakiyar wannan aiki, a 1859, babbar 'yarsa Jeanne ta mutu da zazzaɓin taifot tana da shekara tara.

Gwajin ba shi da wani ƙawa. Ya zuba tataccen sukari giram 10 a cikin ruwa mai tsabta mililita 100. Ya ƙona yis giram ɗaya har ya zama toka, ya zuba tokar, domin ta ba da ma'adinai irin su fosfet ba tare da wani abu mai kama da nama ba. Ya ƙara kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin ammoniya, wanda ya haɗa da asid ɗin tatarik, tsohon abokin aikinsa. Daga ƙarshe ya saka ɗanyen yis ɗan mitsitsi, kamar kan allura. Babu farin ƙwai, babu ruwan nama, babu komai daga cikin abubuwan da Liebig ya ce sai sun ruɓe kafin sukari ya motsa. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu kumfa ta fara tasowa. Ruwan ya gurɓace, yis ya taru a gindin kwalba fiye da abin da aka saka, sukari ya ragu, barasa ta bayyana. Da ya auna ammoniya, sai ya tarar ta ragu. Da ya cire toka daga haɗin, ko ya cire gishirin ammoniya, ko ya hana ɗan yis ɗin, tsimuwar ba ta kankama ba.

Ma'anar wannan tana da girma. Furotin, wanda shi ne ginshiƙin jikin kowace halitta, ba ya samuwa sai da naitirojin, sukari kuwa ba shi da naitirojin ko ɗigo. Ashe yis ya ɗauki kabon daga sukari, ya ɗauki naitirojin daga gishiri maras rai, ya haɗa su ya gina sabon jiki. Pasteur ya ƙara nuna cewa ba dukan sukarin ne ke zama barasa da iska ba: wani ɗan kaso yana zama gilisarin da wani asid, wani kuma yana shiga jikin yis ɗin kansa. Lissafin da ake yi a da, mai cewa sukari yana rabuwa gida biyu cif, bai cika ba, saboda akwai mai ci a tsakani.

Abin mamaki a nan shi ne, Liebig ne da kansa ya koya wa Turai, a littafinsa na 1840 a kan sinadarai da noma, cewa tsiro ba ruɓaɓɓen ganye yake ci ba, ma'adinai da ammoniya da iskar kabon yake sarrafawa. Daga wannan koyarwa aka kama hanyar takin zamani, wanda manomin masara a ƙasar Birnin Gwari yake auna wa gonarsa a yau. Abin da ya yarda da shi ga alkama, shi ne ya hana wa yis.

Liebig ya yi shiru na shekaru, sannan a 1869 da 1870 ya mayar da martani. Ya ce ya maimaita gwajin sau da yawa, bai ga yis ya ƙaru ba, bai ga tsimuwar kirki ba. A lokacin Pasteur ya riga ya zama wani mutum dabam. Ya kayar da Félix Pouchet a gardamar ko ƙananan halittu suna tsirowa da kansu daga matacce, ta hanyar kwalabensa masu lanƙwasasshen wuya da ke barin iska ta shiga amma su tare ƙura. An zaɓe shi a Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a 1862. Ya nuna cewa ɗumama ruwan inabi zuwa digiri 50 ko 60 yana hana shi lalacewa. Ya shafe shekara biyar, daga 1865, yana fama da cututtukan tsutsar siliki a kudancin Faransa. A cikin waɗannan shekaru ya binne mahaifinsa da 'yarsa Camille a 1865, da wata 'yar, Cécile, a 1866. A 1867 aka sauke shi daga gudanar da École Normale bayan wani rikici da ɗalibai, waɗanda suka gaji da tsananinsa. A watan Oktoba na 1868, yana da shekara 45, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, amma hannun bai sake yi masa aiki yadda ya kamata ba, kuma daga nan yawancin gwaje-gwajensa da hannun mataimaka aka yi su.

A damina ta 1870 ya biya ta Munich ya ziyarci Liebig. Dattijon ya karɓe shi da mutunci, amma ya ƙi shiga maganar yis, ya kawo uzurin rashin lafiya. Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa. Faransa ta sha kaye, Pasteur kuma ya mayar wa Jami'ar Bonn digirin girmamawa da ta ba shi. Daga nan jayayyar kimiyya ta gauraya da ɗacin ƙasa. A ƙarshen 1871 ya ƙalubalanci Liebig a bainar jama'a: ya zaɓi wakilai daga Majalisar Masana Kimiyya, shi kuma zai noma musu yis a cikin ruwan ma'adinai gwargwadon yadda suke so, da kayan da Liebig zai kawo da kansa. Amsa ba ta zo ba. Liebig ya mutu a 1873.

Masu rubuta tarihin Pasteur na farko, waɗanda surukinsa René Vallery-Radot yake kan gaba a cikinsu, sun ɗauki wannan shiru a matsayin miƙa wuya. Sai dai Liebig ba ƙarya ya yi ba da ya ce gwajin ya ƙi masa. Za a dawo kan wannan.

5.0 Shekarun Ɗaukaka

Bayan yaƙin Pasteur ya juya ga giya, da niyyar Faransa ta kamo Jamus a wannan sana'a, abin da ya haifar da littafinsa na 1876. A cikinsa ya ƙarfafa wani abu da ya gano tun farkon shekarun 1860: idan yis ya sami iska isasshiya yakan hayayyafa sosai da sukari kaɗan, idan kuwa aka toshe masa iska sai ya cinye sukari mai yawa, ya yi barasa, ya ƙaru kaɗan. Wato halitta ɗaya tana sauya yadda take rayuwa gwargwadon abin da ta tarar. Bai san ta yaya ba, kuma a lokacin babu wanda yake da kalmomin da zai yi tambayar da su.

A 1878 aka buga wasu rubuce-rubucen da abokinsa Claude Bernard ya bari bayan mutuwarsa, masu nuna cewa ana iya samun barasa ba tare da yis mai rai ba. Abin ya yi wa Pasteur zafi. Ya garzaya Arbois, ya sa aka gina 'yan ɗakunan gilashi a kan kuringar inabinsa tun 'ya'yan ba su nuna ba, ya naɗe wasu nonnan da auduga. Da kaka ta yi, inabin da aka kare daga ƙura ya ƙi tsimuwa, na fili kuwa ya tsimu. Ya ci wannan zagayen, ko da yake yin gardama da mamaci bai ƙara masa farin jini ba.

Sauran labarin sananne ne. A watan Mayu na 1881, a Pouilly-le-Fort, aka yi wa rabin garken tumaki rigakafin ciwon saifa a gaban jama'a, aka sa wa duka garken cutar, waɗanda aka yi wa allura suka rayu, sauran suka mutu. Ranar 6 ga Yuli, 1885 aka fara yi wa Joseph Meister, yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, allurar da ta sa sunan Pasteur ya zaga duniya. Da gudummawar jama'a daga ƙasashe da yawa aka gina Cibiyar Pasteur a Paris, aka buɗe ta a watan Nuwamba na 1888. Ya umarci iyalinsa kada su nuna wa kowa littattafan da yake rubuta ayyukansa na yau da kullum. Jikansa ne ya miƙa su ga ɗakin karatu na ƙasa a 1964, kuma da masanin tarihi Gerald Geison ya nazarce su, ya nuna a 1995 cewa allurar da aka yi amfani da ita a Pouilly-le-Fort ba ta hanyar da Pasteur ya bar jama'a suka zata aka haɗa ta ba. Mutumin da ya ƙware wajen tsara gwaji ya ƙware kuma wajen tsara yadda za a ba da labarinsa.

Ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895 a Villeneuve-l'Étang, kusa da Paris. Kabarinsa yana cikin ginin cibiyar.

6.0 Abin da Ke cikin Kan Allura

Shekara biyu bayan mutuwarsa, a 1897, Eduard Buchner ya niƙa yis da yashi, ya matse ruwansa, ya nuna cewa ruwan da babu ƙwayar halitta mai rai ko ɗaya a cikinsa yana juyar da sukari zuwa barasa. Sinadaran da ke aikin, mai rai ne yake ƙera su, amma suna iya aiki bayan ya mutu. Wani yanki na maganar Liebig da ta Bernard ya dawo ke nan.

A 1901 kuma, a Louvain ta ƙasar Beljiyam, wani mai bincike, Wildiers, ya koma kan kwalbar 1860 kanta. Ya tarar cewa idan aka saka yis kaɗan ƙwarai a cikin sukari da toka da ammoniya, ba ya ƙaruwa. Idan aka saka da ɗan yawa, ko aka ɗiga dafaffen ruwan yis, sai ya kama. Ashe akwai wani abu na huɗu da ake bukata, wanda ya sa wa suna bios. An ɗauki shekara talatin da wani abu kafin a warware shi, aka ga tarin sinadarai ne, mafi yawansu dangin bitamin B, cikinsu har da bayotin. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, kan allurar Pasteur ya fi na Liebig girma, ya kuma shigo da guzurinsa. Pasteur ya yi daidai a kan naitirojin, amma haɗinsa bai kai tsarkin da ya ɗauka ba, kuma sa'a ta taimake shi.

Tambayar da ya buɗe, wato me yis yake ci, ta rikiɗe a ƙarni na 20 ta zama yaya yis yake zaɓa. A cibiyar da ke ɗauke da sunansa ne François Jacob da Jacques Monod suka bayyana a 1961, ta hanyar nazarin bakteriya, cewa ƙwayoyin gado ba kullum suke aiki ba, ana kunna su ana kashe su gwargwadon abincin da ke akwai. A Brussels, Jean-Marie Wiame da Marcelle Grenson da abokan aikinsu suka bi sawun haka a yis. Sun tarar yis yana iya cin naitirojin daga abubuwa da yawa, amma yana da na gaban goshi: ammoniya da gulutamin. Muddin waɗannan suna nan, yakan rufe ƙofofi da kayan aikin da ake bukata don cin na baya, irin su furolin da yuriya. A 1970 Grenson ta bayyana wata babbar ƙofa a fatar ƙwayar yis, mai shigar da kusan kowane irin amino asid, wadda ba a ganin aikinta sai abinci mai kyau ya yanke.

Yadda saƙon yake tafiya ya fito fili a hankali. Akwai wani furotin, Gln3, wanda ɗakin binciken Boris Magasanik a Amurka ya yi aiki a kansa sosai. Aikinsa shi ne ya shiga cibiyar ƙwayar halitta, ya zauna a kan wasu alamomi da ke gaban ƙwayoyin gado, ya kunna su. Lokacin wadata, wani furotin, Ure2, yakan riƙe shi a waje kamar akuyar da aka ɗaure a turke. A 1991, a Basel, Michael Hall da abokan aikinsa suka gano TOR ta hanyar nazarin yadda maganin rapamycin yake tsayar da girman yis, kuma a 1999 aka nuna cewa TOR yana cikin masu tabbatar da wannan ɗauri. Idan naitirojin mai kyau ya ƙare, gulutamin ya ragu a cikin ƙwayar, sai igiya ta kwance, Gln3 ya shige cibiya, ƙwayoyin gado da dama su farka, ƙofofi su buɗe. Idan yunwar ta yi tsanani, yis yakan fara narkar da sassan jikinsa yana sake amfani da su, aikin da Yoshinori Ohsumi ya bayyana a farkon shekarun 1990, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 2016. An tarar TOR yana nan a jikin ɗan Adam ma, yana auna abinci yana ba da izinin girma.

Yuriya, wadda manomi yake ganin ita ce sarauniyar taki, a wurin yis abincin fari ce, ba ya waiwayarta sai ammoniya ta ƙare. Sinadarin da yake farfasa ta da shi yana cikin waɗanda Gln3 ke kunnawa, kuma ba ya aiki sai da bayotin, ɗaya daga cikin abubuwan da suka shiga kwalbar 1860 a ɓoye, a jikin ɗan yis ɗin da Pasteur ya ɗauko.